Mazubina na fitar da harsashi ƙarami, in goge ramin ko in haƙura in sayi wani?

ƊanDalma303:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu zubin kan harsashi da hannunsu ku zo ku cece ni kafin in yi aika-aika, don wlh jiya da daddare saura ƙiris in ɗau dirila in zura a ramin mazubin nan, zuciya ce ta ce bari dai in fara tambaya.

Ga yadda abin yake. Ina da tsohuwar Lee-Enfield No. 4, mai cin harsashin .303 British, irin waɗanda aka ƙera lokacin yaƙin duniya na biyu, takardunta cif, kuma inda nake doka ta yarda mutum ya loda harsashinsa da kansa, na faɗa ne tun yanzu kar wani ya fara min wa'azi. Harbin allo nake da ita ba wani abu ba. Wata 4 kenan da na fara zubi, na sayi mazubin alminiyom mai rami 2, a jikin kwalinsa an rubuta .312, wato kaurin harsashin da zai fitar a ma'aunin inci, irin wanda ake sa ma ɗan murfin jan ƙarfe a gindi. Ba zan kama sunan kamfanin ba don ban sani ba ko laifin nawa ne. Amma duk abin da na zuba in na auna sai in ga .311, wani ma .3105, ko sau ɗaya bai taɓa kai abin da aka rubuta ba. Na tura dalma mai laushi ta cikin bututun bindigar na auna, ta ba ni wajen .313. Kenan harsashin iyo yake a ciki.

Sakamakon kuwa ba a magana. A mita 50 harbi 10 sun watsu kamar an watsa wa kaji tsaba, guda 2 ma a kaikaice suka shiga takardar, ramin dogo kamar na makulli. In na dawo gida na leƙa bututun sai in ga dalma ta yi shimfiɗa tun daga farko, sai na yi awa guda ina gurza da buroshi hannuna duk ya mutu.

Dalmar da nake narkawa tsohon bututun ruwa ne da wasu faifan rufi, sai in ɗan jefa soda ta haɗa waya kaɗan. Ina kuma yi wa ramin hayaƙin ashana sosai kafin in fara don harsashin ya riƙa faɗowa ba sai na buga ba.

Tambayata, in na sa man goge bawul a jikin harsashi na juya shi a ramin da dirila, zan iya ƙara .003 ba tare da na kashe mazubin ba? Ko akwai wata dabara? Nagode.

Tsohon Maharbi:

Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye dirilar nan tukuna, ka mayar da ita cikin akwatinta ka rufe. Ƙarfen da ka cire daga mazubi ba ya dawowa, kuma daga abin da ka rubuta ni ban ga shaidar cewa mazubin ne mai laifi ba, abu 3 na gani kuma duk a wajenka suke.

Na farko awon bututun. Da me ka auna, kuma ka ƙirga tsagar da ke ciki? Yawancin Lee-Enfield tsaga 5 ne da su, wasu No. 4 ɗin na lokacin yaƙi kuma tsaga 2. In mai 5 ce to maikiromita, wato ma'aunin kauri mai sukuru, ta yaudare ka, don a adadin da ba ya rabuwa biyu, duk inda ka kama tudu a gefe ɗaya kwari ne ke fuskantarsa a ɗaya gefen, awon zai fito ƙasa da gaskiya. Kana iya cewa .313 alhali .314 ce ko fiye, kuma irin waɗannan bindigogin dama an san su da haka, ba a rasa mai faɗin ciki. Dabarar da muke yi, ka naɗe dalmar da ka turo da siririn faifan ƙarfe wanda ka san kaurinsa, zagaye ɗaya, ka auna a hankali, sannan ka cire kaurin sau 2. In kuwa da kalipa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu da ake zugewa, kake duk wannan awon to mu bar maganar, kalipa ba ta isa ta raba maka .311 da .3115 ba. Ka tuna .001 na inci milimita 0.025 ne kacal, gashin kanka ya ninka shi biyu ko uku.

Na biyu, kuma nan ne nake zargi sosai, dalmarka. Bututun ruwa da faifan rufi kusan tsantsar dalma ce, taurinta a ma'aunin Brinell wajen 5. Tsantsar dalma ta fi kowane haɗi ƙanƙancewa in ta huce, harsashinta ya fi nauyi amma ya fi siranta. Masu yanka mazubi ba da ita suke lissafi ba, da haɗi mai tauri suke yi. Haɗin da aka fi sani, Lyman No. 2, dalma kashi 90 ne, kuza 5, antimoni (wani ƙarfe mai taurara dalma) 5, taurinsa wajen 15. Dalmar maɗaba'a ta da, wadda ake kira linotayif, dalma 84, antimoni 12, kuza 4, tana kai 22. Antimoni shi ke hana ƙanƙancewar, kuza kuma ita ke sa ruwan ya cika kowane lungu na ramin, gefuna su fito da kaifi. Tsakanin tsantsar dalma da haɗi mai antimoni, a mazubi guda, za ka iya ganin bambancin kusan .001 a harsashi mai kaurin naka. Kaga kenan .312 ɗin da aka rubuta a kwali wataƙila tana nan, kai ne ba ka ba shi abincin da ya dace ba. Kuma ko da kaurin ya yi daidai, dalma mai laushi haka ba ta dace da bindiga irin wannan ba.

Na uku hayaƙin ashana. Wannan baƙin da kake shafawa ai shi ma yana da kauri, kana rage ramin ne da hannunka. Wanke shi tas da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe ƙarau, in na ce ƙarau ina nufin ƙarau, ka ɗumama shi a bakin tukunya kafin dalma ta taɓa shi. In harsashi na maƙalewa to wata 'yar ƙaya ce a bakin ramin, da tsinken katako ake bin ta, ba da hayaƙi ake rufe ta ba.

Sai zafi. Dalma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, amma zubi sai wajen 370 zuwa 400. Mazubi mai sanyi zai ba ka harsashi mai tamoji da gefuna masu zagaye, wanda ya yi zafi fiye da kima kuma zai ba ka mai fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, shi ma yakan ɗan ragu. Gyara waɗannan ka zuba 30, ka jefar da 10 na farko cikin tukunya, ka auna sauran, sannan mu yi maganar goge rami.

Mai Magagari:

Baba ya gama magana gsky, ni dai zan ba ka labarin abin da ya same ni ne don kar ka bi sahuna. Nima haka na yi irin tunaninka shekarun baya, mazubin alminiyom mai rami 2, ina neman ƙarin .002. Na huda gindin harsashi na ɗaura masa sukuru, na lafta man goge bawul mai tsakuwa-tsakuwa irin na gareji, na kama da dirila na danna. Ko daƙiƙa 20 ban yi ba. Da na wanke na zuba na auna, rami ɗaya ya tafi .317 ta wani gefen .314 ta wani gefen, ƙwai sosai, ɗayan ramin kuma yana nan inda yake, na zama mai mazubi ɗaya da ke haifar 'ya'ya biyu ba sa kama da juna. Abin haushin ma tudun da ke fitar da kwarin mai a jikin harsashi, wato tsagar da ake cusa wa maiko, shi ya fara cinyewa, don shi ne ya fi kusa, kwarin ya zama ɗan shafe-shafe ba ya riƙe mai. Kuma alminiyom yana da laushi, ƙwayoyin man gogewar nutsewa suke a jikinsa, duk wankin da na yi harsashin na fitowa da ƙuraje. Yanzu haka yana kan tebur ina danne takardu da shi.

Ba wai gogewar ba ta aiki ba ne, tana yi, daga baya na yi wa na baƙin ƙarfe irin wanda kamfanonin Lyman da RCBS ke yi kuma ya yi kyau, amma baƙin ƙarfe yana da haƙuri, alminiyom ba shi da shi. In dole sai ka yi, da hannu ake juyawa ba da inji ba. Hujin gindin ya zauna a tsakiya cif in ba haka ba zai riƙa rawa ya ci gefe ɗaya. Man ya zama mai laushi sosai, a alminiyom wasu ma man goge baki suke sawa, kuma a kan ɗamarar harsashin kawai za ka ɗiga, wato zobban da ke kama tsagar bututu, kar ya taɓa kwarin mai kar ya taɓa gindin da murfi ke zama. Kar man ya shiga tsakanin fuskokin mazubin biyu don zai hana su haɗuwa, ka goge da tsumma kafin ka matse. Juyi 15 ko 20, ka wanke, ka ɗumama, ka zuba, ka bari ya huce, ka auna, sannan ka sake da sabon harsashi don na farkon ya riga ya cinye. Aikin wuni guda ne cur kuma rami 2 ɗin dole ka kai su awo ɗaya.

Ra'ayina dai, .001 ana iya nema ta wannan hanyar. Amma .003 da kake so a alminiyom, ɗan'uwa caca ce.

Bakanike_77:

Hhhh Mai Magagari ashe ba ni kaɗai ke da abin danne takarda mai tsada ba.

Malam ƊanDalma akwai hanyar da ba ta cin ƙarfe ko kaɗan kuma in ba ta yi maka ba minti 5 ka mayar da komai yadda yake. Tef ɗin alminiyom, irin mai sheƙi da masu haɗa bututun iska da na hayaƙi ke liƙawa, wanda ke jure zafi. Kaurinsa yawanci tsakanin .002 da .004 ne, ka auna naka bayan ka ɓare takardar bayan. Sai ka yanka siraran tsiri da almakashi ka liƙa a fuska ɗaya ta mazubin, gefe da gefen ramukan da kuma ƙasa, daidai wa daida don kar ya karkace, kar tef ya leƙa cikin rami kar kuma ya hau kan fil ɗin da ke saita ɓangarorin. Shikenan, mazubin ba zai rufe ruf kamar da ba, ɗan wannan tazarar ita ce ƙarin kaurinka. Zubin farko gam ɗin zai yi hayaƙi da ɗan wari, tef ɗin ya ɗan kwanta, daga nan ya zauna.

Amma kar in yi maka daɗin baki, harsashin ba zai fito da'ira cikakkiya ba. Ta fuskar da ka buɗa zai ƙaru da kaurin tef ɗin, ta kan layin haɗi kuma kusan yana nan yadda yake. Saiza, wato ƙarfen nan mai rami da ake tura harsashi ta ciki don ya koma awo ɗaya, ita ce ke gyara wannan in ka tura shi ciki, tana matse inda ya yi yawa, sauran kuma maƙogwaron bindiga, wato farkon bututun, ya ƙarasa. A takarda abin kamar ba zai yi ba amma a allo yana yi, mutane da yawa sun daɗe suna yinsa. In ka zarce wajen .003 ko .004 dalma za ta fara bin tazarar tana fito maka da fiffike siriri a gefen harsashi, wannan alamar ka wuce gona da iri kenan.

Inda zai ba ka ciwon kai shi ne gindin. Tunda komai ya buɗe, wajen da murfin jan ƙarfen ke shiga shi ma ya ƙaru, sai ka ga murfin ya ƙi hawa ko ya hau a karkace yana aske dalma. Murfi a karkace kuwa harbi a karkace ne. Wasu na ɗan buɗa bakin murfin da wani abu mai tsini-tsini kafin su sa, ni haka nake yi, aiki ne na zaman hira.

Af, kuma saizarka nawa ce? Don in .311 ce ko ka zuba .315 za ta mayar maka da shi .311, saiza ragewa take ba ta ƙarawa.

ƊanDalma303:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Baba na ƙirga, tsaga 5 ce, kuma eh da kalipa nake awo, kunya ta kama ni. Na aro maikiromita zan sake. Oga Bakanike saizata .311 ce wlh, tare da mazubin na saye ta ban taɓa kawo komai a raina ba, kenan ko wanda ya fito da ɗan kauri ni nake rage shi da kaina. Tambaya ɗaya, dalmar balans ɗin taya fa, zan iya haɗawa da tawa don in sami antimonin?

'Yar Saiti:

Za ka iya, masu maƙale da ƙarfe a baya su ne ke da antimoni, masu gam ɗin nan na liƙawa kusan tsantsar dalma ce. Amma ka tantance su ɗaya bayan ɗaya don yanzu da yawa ba dalma ba ne, tutiya ce ko ƙarfe. Ka datsa da filaya, dalma za ta lotsa, tutiya ba za ta lotsa ba, wasu ma an buga Zn a jiki. Tutiya sai digiri 420 take narkewa, saboda haka in ka riƙe wutarka ƙasa da haka za ta taso sama ka kwashe, in kuwa ka bari ta narke ciki to tukunyar gaba ɗaya ta lalace, ruwan zai yi kauri kamar kunu ya ƙi cika rami.

Ni kuma mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci fentin gari. Tunda na koma shi na daina damuwa da mazubi mai fitar da ƙarami. Ka zuba harsasan a robar da ke da murfi da ɗan garin fentin, ka girgiza har ya kama jikinsu, ka jera a tire ka gasa a digiri 200 na minti 20. Yana ƙara wajen .001 zuwa .002 kuma a zagaye ko'ina daidai, ba ƙwai ba, ga shi dalma ba ta taɓa bututu balle ta shafa. Illarsa ɗaya a irin harsashinka mai dogon hanci, hancin ma yana ƙaruwa, wani lokaci sai ya ƙi shiga bututun in ka zo rufe bindiga. Kuma dan girman Allah oban daban za ka nema, wanda abinci ba zai sake shiga ba har abada.

Tunda sabo ne kai bari in ƙara, ko da ka ce ba ka son wa'azi. Ka ce za ka wanke mazubi da ruwa, to ɗigo ɗaya in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma tururi zai watso maka tukunyar a fuska, haka ma ludayi mai sanyi ko tsohon bututu mai laima a ciki. Tabarau, safar hannu, takalmi rufaffe, a waje ko inda iska ke wucewa. Ba ci ba sha ba sigari a wajen, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa komai, kayan aikin kuma kar su shiga inda yara suke don su dalma ta fi yi wa illa. In zubin ya zama maka jiki ka riƙa gwajin dalma a jini lokaci-lokaci.

Tsohon Maharbi:

Ƙanwata ta faɗi gaskiya. Abu ɗaya ya rage da ban ji kowa ya taɓo ba kuma shi ya fi duk sauran haɗari. Kowa na ta ƙara kauri, to wuyan ɗakin harsashin bindigar zai ɗauka? In ka cusa .315 a kwanso wuyan kwanson zai kumbura, in ɗakin ya matse shi ba shi da wajen buɗewa ya saki harsashin, matsin da ke ciki sai ya haura inda ba a so. Gwajin mai sauƙi ne, ɗauki kwanson da aka harba a wannan bindigar wanda ba ka matse ba tukuna, ka gwada tura harsashin a bakinsa da yatsa. In ya shige da ɗan jan jiki to akwai wuri. In ya ƙi, tsaya nan. Bayan haka ka haɗa guda ɗaya na gwaji, ba albarushi ba ƙyastu, wato ɗan abin gindin kwanso da ke kunna albarushin, ka ga ko bindigar za ta rufe ba tare da ka danna da ƙarfi ba. Maganar yawan albarushi kuma littafin lodi za ka bi, sashen harsashin dalma, daga mafi ƙaranci, duk lokacin da ka canza kauri ko haɗi ka koma farko. Kar ka karɓi adadi a bakin kowa, har ni.

ƊanDalma303:

Jama'a na dawo da rahoto bayan sati 3, ku yi haƙuri da shirun.

Na sake tura dalma na auna yadda Baba ya ce da faifai, bututun .314 ne ba .313 ba. Na wanke hayaƙin, na haɗa dalmata rabi da rabi da ta balans ɗin taya, na ƙara kuza kaɗan, cikin bokitin na tayar ma na tsinci na tutiya sun fi 20 da ban datsa ba da yanzu wani labarin ake. Ban taɓa mazubin da komai ba sai ga .312 cif, har wasu .3125, ashe bawan Allah bai yi ƙarya ba. Sannan na sa tef ɗin Oga Bakanike, nawa .003 ne, ya ba ni .3155 ta gefe ɗaya .3125 ta layin haɗi, ba fiffike. Na sami saiza .314, kwanson da aka harba ya karɓa da yatsa, na gwajin ma ya rufe lafiya. Na bar su kwana 14 su yi tauri kafin in loda.

Jiya na je fili. Harbi 10 a mita 50 duk tafin hannuna ya rufe su, ba ko ɗaya a kaikaice, bututun kuma tsumma 3 na tura ya fito fes sai ɗan toka-toka kusa da baki. Dirila tana cikin akwatinta Baba.

Saura matsalar murfin gindin da aka faɗa min, cikin 50 guda 11 sun hau a karkace na mayar da su tukunya, yatsana har ya yi kanta. Oga Bakanike da me kake buɗa bakin naka, kuma kana cire tef ɗin ƙasan ne ko kana barin duka?